Kwalbar da Na Aika Yamai

Akwai lokacin da in ka tsaya bakin tabkin Madarumfa ka ja numfashi, ƙanshin man gyaɗata zai riga ƙarnin kifi isa hancinka. Ni ke kai mai ɗakin girkin makarantun lakwal uku, kuma na sha rantsuwa a majalisa cewa yaron da ya ci shinkafa da maina ba ya faɗuwa jarrabawa. Na ce maina, amma ko sau ɗaya ban taɓa matsa tunkuza ba. Yayata ce da matan unguwarsu a Safo ke suya, su kai niƙa, su matse da hannu. Nawa aikin ɗaukar bidon mai ne da cika baki.

Wata shekara aka ce duk mai kai wa gwamnati abinci sai ya nuna takardar shaidar inganci. Wani Alhaji a Maraɗi, aminin marigayi babanmu, ya ji labari ya ce ranar da takardar ta fito zai kafa mana injin matsar mai. Yaya ta rangaɗa guɗa, ta dafa kafaɗarta ta ce, "Auta, wagga ta kusa hutawa."

Ƙa'idar ba wuya: ka cika kwalba da man da kake sayarwa, a aika ɗakin gwaji a Yamai. Yaya ta cika mini ɗaya. Na ɗaga ta a rana, na ga man ya yi duhu-duhu, ga ɗan gari kwance a gindi, yadda man hannu yake tun zamanin kaka. Sai na ji ina jin kunyar kwalbar. Wannan baƙauyiya ce za ta tsaya gaban masu farar riga?

Na hau moto sai kasuwar Ɗan Issa. Na sayi man kanti, garau kamar ruwan zamzam, shi na aika da sunanmu. Na Yaya kuwa, miyar kuka muka sha da shi.

Da amsa ta iso a rufe, ban buɗe ba. Sarki ba ya duba ko rawaninsa yana bisa kansa. Na zuba babbar riga, Yaya ta ɗaura zanen salla, muka tafi Maraɗi. A mota har na zaɓi inda za a girka injin.

Alhaji ya sa tabarau ya karanta faransancin, ya koma ya sake karantawa.

"Hajiya, da mi kuke yin man nan?"

"Da gyaɗar gonarmu, Alhaji. Da mi kuwa?"

"Nan sun ce ba gyaɗa ko ƙwaya ɗaya. Man waken soya ne. Sun hana shaidar."

Yaya ta juyo ta dube ni. Ni kuwa na kafa ido ga tabarma kamar an rubuta wani abu a jikinta. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Hannu kawai ta kai kan kafaɗar nan tana murzawa a hankali.

Alhaji ya ninke takardar ya miƙo mini, ya ce maganar inji mu bar ta tukuna, don ba ya zuba dukiyarsa inda kwalba ke canza hali a hanya. Ya rako mu bakin zaure, ya sallami Yaya da girmamawa. Ina neman takalmina ya ce:

"Ɗana, in ka koma Safo ka gaishe mini da gyaɗar taku. Ka ce ina yi mata barka da haihuwar waken soya."