Baba Mai Niƙa da Ragowar Baƙin Dutse

Kafin mai shara ta gama da baranda, shi ya riga ya buɗe ɗakinsa, can ƙarshen ginin masu nazarin duwatsu na jami'a, inda famfo ba ya daina ɗiga. Sai ya naɗe hannun riga, ya zuba ruwa a kan faifan gilashi, ya barbaɗa wani gari mai kaushi, ya fara murza. Ɗalibai suna kiransa Baba Mai Niƙa. Shi ɗan kawuna ne, abokin wasana tun muna yawo ba wando, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Abin da ya hana ni zama ke nan.

Aikinsa shi ne ya yanko dutse da zarto, ya manna shi a ɗan gilashi, ya yi ta goga shi har ya fi gashin kai siranta, har haske ya ratsa shi. Sai an yi haka malamai ke iya sa shi a madubin da ke girmama ƙananan abubuwa. Da kunne yake sanin ya kusa: kukan dutsen yakan sauya, daga ƙara ya koma kamar numfashi. Nan ake tsayawa. Aka ƙara murza ɗaya, dutsen ya bi ruwa.

Bara wata farfesa, wadda kowa ke ce wa Malama, ta kawo masa wani baƙin dutse da bai kai dunƙulen hannu ba, daga wata ƙasa mai nisa da ba lallai ta sake takawa ba. Na je kai masa saƙo ranar da ya gama yankan farko.

"Sarkin tambaya ya iso," in ji shi. "Malama, ki bar shi ya leƙa, in ba haka ba har gida zai bi ni."

Na leƙa. Zare-zare na gani, da wasu ƙwayoyi a jere kamar carbin da ya tsinke. Malama ta ce mai yiwuwa ragowar wasu halittu ne da ido ba ya gani, waɗanda suka rayu shekara dubban miliyoyi kafin bishiya, kafin kifi. Ta ce masana suna gardama har yanzu, ko rai ne ko kuwa zanen dutse kawai, don haka tana bukatar yanka na biyu. Tun ranar ban sake shurin tsakuwa a hanya ba. Allah mai iko.

A yanka na biyun ne hannunsa ya yi rawa. Mai shara tana wurin. Ta ce ya ɗaga gilashin ga taga, ya ga babu komai a kai, ya daɗe a tsaye. Sa'annan ya wanke hannu, ya hau bene da ƙafarsa, ya ce wa Malama, "Ba gari ba ne, ba zarto ba ne. Hannuna ne."

Kai ne wanda bai ɗora wa kayan aiki laifi ba, ɗan kawu. Kai ne ka goge zanen yatsunka a kan gilashi don wasu su ga abin da ya shige, sunanka ko a gefen takarda babu. Mai haƙuri da dutse, marar haƙuri da ni.

Abin da ya rage na dutsen bai fi ɗan yatsa ba, yanka ɗaya tak zai bayar. Yana cikin gwangwanin madara a kan kantar ɗakinsa. Malama ta ce ta yarda ya sake gwadawa. Ya ƙi. Ya ce kunnensa garau yake, hannu yake nema, ya tsaya a bayan mai shi ya ce masa "tsaya". Samari sun zo, sun murza kwana kaɗan, sun ce kafaɗa na ciwo, ba su dawo ba. Na miƙa masa nawa hannun.

"Kai da ke zubar da shayi tun kafin ya kai baki? Rufa mini asiri."

Na ce to, in ba wanda ya zo fa?

Ya dubi gwangwanin. "Shi ya saba jira. Ni ne ba ni da lokaci."

Na gode maka, Baba Mai Niƙa, a madadin duk wanda ya taɓa leƙa madubi ya ja numfashi bai san hannun wa ya buɗe masa ba. Allah Ya ba ka hutu mai daɗi, ko da yake na san ba za ka zauna ba.

Ku kuma masu karatu, ban ce ku yi masa tafi ba, ba ya so. A cikinku akwai mai ɗinki, akwai mai gyaran agogo, akwai wadda ke zura zare a allura ba ta lumshe ido ba. Ɗaya kawai ake nema, wanda zai iya tsayawa in an ce ya tsaya. Ɗakin ƙarshe ne, hannun hagu. Ku zo da safe, ku zo da rigar da ba kwa tausayi, kuma don Allah ku zo kafin wata ya mutu.