Yatsa Biyu Bayan Layin Alli

Har yau in na karya sabon alli, ƙurarsa ta hau min yatsu, sai gabana ya faɗi. Shekara da shekaru ina koyarwa, abin bai sake ni ba. Bari in gaya maka dalili, ko na samu sauƙi a raina.

Ina 'yar shekara goma sha biyu aka kawo ni Jikwoyi wurin Gwaggo, ƙanwar babanmu, don in yi sakandare. Lokacin sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba, Abuja ta cika ta batse. Ko'ina gini ake, tifofi na ta jigilar yashi, wayar salula ta fara shiga hannun mutane, kowace Asabar da bikin da ake yi a Gwarinpa. Mu dai a Jikwoyi rabonmu jan taɓon damina ne da hayaniyar 'yan acaba.

Gwaggo malamar ilimin kasuwanci ce a wata sakandaren gwamnati. Da safe tana gaban allo tana koya wa yara yadda ake kafa sana'a da yadda ake riƙe mai saye. Ana tashi ta yi azahar, ta sauya takalmi, ta koma tela. Ba ta yarda darasi ya ƙare a littafi ba. Cikin ɗalibanta ta zaɓi 'yan mata bakwai, waɗanda ta san ana gama makaranta zaman gida za su yi, tana koya musu ɗinki kyauta. Guntayen allin da suka rage a aji take tarawa a gwangwanin madara, da su take zana awo a jikin yadi.

Shagon ba nata ba ne. Na wata Hajiya ce a Gwarinpa, matar wani darakta, wadda ta ba ta mukulli da kekunan ɗinki biyu saboda Allah, bisa sharaɗi ɗaya: ɗinkin gidanta kada a taɓa samun matsala da shi. Wannan mukullin shi ne komai. In babu shi babu ajin ɗinki, don mu ɗaki ɗaya muke haya.

Ni kuwa an hana ni taɓa almakashi. "Karatu aka kawo ki, ba ɗinki ba," in ji Gwaggo. Sai in zauna a bakin ƙofa ina kallo, ina cika ina batsewa. A ganina na fi 'yan matan nan duka iyawa, tunda ni nake kwana ɗaki ɗaya da malamar. Ka san kan yarinya.

Sai bikin 'yar Hajiya ya taso. Aka kawo leshin amarya, ruwan zuma, mai duwatsu, daga waje aka sayo shi, yadi biyar cif. Ranar Laraba Gwaggo ta haɗa shi da shafinsa, ta kafe da fil, ta zana awon amarya da alli a kan shafin, ta rufe da zane. Makon jarrabawa ne, an sa ta tsaron aji har la'asar, 'yan matan ma suna can suna rubutu. Mu ƙanana mun riga mun gama, don haka ranar Alhamis ni kaɗai ce a shagon.

Direban Hajiya ya leƙo da irin Hausarsa ta Abuja. "Madam ya ce gobe bayan Juma'a zai kawo amarya a gwada. Ki faɗa ma Malama."

Na ce to. Yana tafiya na ɗaga zanen. Ga layi nan fari tas, ga almakashi a gefe. Na ce a raina, in Gwaggo ta dawo ta tarar an yanka, ai ɗinki kawai ya rage mata, yau za ta san ni ma mutum ce. Na yi bisimilla na bi layin nan daidai, ban kauce ko da ƙwayar gero ba. Wallahi har murmushi nake yi.

Abin da ban sani ba, layin Gwaggo ba na yanka ba ne, hanyar allura ce. Yanka sai an bar yatsa biyu a bayan layi, rarar da ɗinki zai ci. Tana faɗa wa kowace yarinya haka ranar da ta fara riƙe almakashi. Ni ban taɓa samun wannan ranar ba, kuma daga bakin ƙofa ba a hango yatsa biyu.

Da Gwaggo ta shigo, ko jaka ba ta ajiye ba. Ta ɗora yatsu biyu a bakin yankan, ta ga babu komai a ƙarƙashinsu sai katakon tebur. Ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ta zauna daɓas a ƙasa da kayan makarantarta.

"Wa ya yanka?"

"Ni ce, Gwaggo."

Na runtse ido ina jiran mari, bai zo ba. Ta miƙe, ta ɗauki ƙyallen leshin, ta ja hannuna. Muka bi kasuwar Nyanya shago shago, muka haura Mararaba ruwa na dukanmu. 'Yan kasuwa Kanawa da Katsinawa su juya ƙyallen, su girgiza kai: "Malama, wannan ba kayan nan ba ne." Ta ce su duba cikin sito, don girman Allah, ko rabin yadi ne. Ban taɓa jin Gwaggo tana roƙon mutum ba sai ranar. Ni kuma ina bayanta ina ta addu'ar ƙasa ta tsage in shige. Da magariba muka dawo, taɓo har gwiwa, hannu rabbana.

Washegari ta nemi wata malama ta tsaya mata, ta zauna a keke tun da sassafe. Ta yi ƙari a gefe da gefe da ɗan abin da ya rage, amma furannin leshin suka ƙi haɗuwa. Amarya ta saka, ta juya gaban madubi, ta fashe da kuka. Ko makaho ya shafa zai ji ƙarin.

Hajiya ta ce, "Malama, wa ya yi min wannan aikin?"

Na buɗe baki, Gwaggo ta take min ƙafa.

"Ni ce, Hajiya, laifina ne." Ta durƙusa, babbar mace, a gaban ɗalibanta. "Ranki ya daɗe, ki yi min duk hukuncin da kika ga dama, amma ki dubi yaran nan. Ba su da wani wurin."

Hajiya ba ta ɗaga murya ba. Tafin hannunta kawai ta buɗe, Gwaggo ta kwance mukullin daga bakin zanenta ta saka mata.

Ranar Asabar mai kura ya turo mana keke guda ɗaya, na Gwaggo na kanta, zuwa barandar gidan haya. Iyaye suka ce 'ya'yansu ba za su zauna a gidan da samari ke shige da fice ba. 'Yan mata bakwai suka koma biyu. A barandar nan Gwaggo ta shimfiɗa tsohon zane, ta zana layi biyu, ta miƙo min almakashi. "Na ciki na allura, na waje naki. Yanka." Har ta koma ga Allah ba ta sake zana layi ɗaya tak ba, kullum biyu take zanawa, kuma ba ta taɓa tayar min da maganar ba. Da ma ta zage ni, da na fi samun sukuni.

Yanzu ni ma darasinta nake koyarwa, da yamma ina da shagona da 'yan matana. Zamani ya sauya, a waya suke zaɓo salo, kekunan ma na lantarki ne. Amma duk yarinyar da ta tako ƙofata, ko rakiya ta yi, ranar nake zana mata layi biyu in damƙa mata almakashi.

Bara, a cunkoson Mararaba, wata mai tallan gyaɗa ta leƙo ta tagar motata, da goyo a bayanta. Ɗaya ce daga cikin biyar ɗin da suka daina zuwa, wadda Gwaggo ke cewa ta fi kowa hannu. Ta gane ni, ta yi ta murna, ta tambayi Malama, na ce ta rasu. Ta share ido da bakin mayafi, ta ce, "Allah ya ji ƙanta. Ni har yau mamaki nake, yaya aka yi Malama ta yi kuskuren yanka?"

Motoci suka motsa, na baya na ta danna min oda. Ta cusa min ƙullin gyaɗa ta ce in kai wa yara, ta ƙi karɓar komai. Na ja mota, ban faɗa mata ba.