Musun da Ya Buɗe Bakin Alhaji

Na yi shekaru ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu a Bronx, na ga abubuwa iri-iri, da yawa sun shige sun bar ni. Amma akwai wata Juma'a ta lokacin sanyi da ko na tsufa har na fara manta inda na ajiye carbina, ita kam ba za ta fita raina ba. Ranar ce na tona asirin wani dattijo a gaban amininsa, kuma har gobe ban yi nadama ba.

Lokacin an tura ni gidan wani Alhaji a Concourse Village, hawa na tara. Ɗan zangon Kumasi ne kamar ni, ya tuƙa tasi a birnin nan har gemunsa ya yi fari fat. Matarsa ta rasu, 'yarsa guda kuma nas ce a Brooklyn. Shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, ta karkatar masa da baki. Da ya dawo daga asibiti ya yi ƙoƙarin amsa gaisuwar masu dubiya, maganar ta fito a cakuɗe, yawu ya zubo masa a gemu a gaban jama'a. Daga ranar ya kulle bakinsa, wata uku ko uffan. Matar da ke zuwa koya masa magana ta ce harshen bai mutu ba, aiki yake so, amma Alhaji ko kallo ba ta ishe shi ba. 'Yarsa kuwa ta fara zancen mayar da shi gidan kula da tsofaffi, tunda ko ciwo yake ji ba ya faɗa, ni kuma ba kullum nake nan ba. Takardun suna kan firiji, na gan su, shi ma ya gan su.

Mu kuwa me muke yi? Abin da aka koya mana tun muna yara. "Sannu Alhaji, Allah ya ƙara sauƙi." In ya gyaɗa kai mu gyaɗa, in ya girgiza mu girgiza. A wurinmu ba a musu da babba, balle babba mara lafiya. Ni da bakin nan nawa da mijina ke cewa ba ya hutun ƙarshen mako, a gidan Alhaji sai na koma salihar baiwa, ina tafiya a hankali, ina magana ƙasa-ƙasa.

Yana da wani amini, mutumin Maraɗi, mai tebur kusa da filin wasa, yana sayar da huluna da rigunan kulob. Malam nake ce masa. Shekara talatin suna tare, kuma abin da ya haɗa su besbol ne, wasan nan da wani ke jefa ƙwallo, wani ya maka mata sanda, a yi ta gudu. Kulob ɗaya suke so, amma maƙwabta sun ce ba su taɓa yarda da juna a kan komai nasa ba. Musunsu ma ya fi zafi da sanyi, lokacin da ba a wasa, kulob-kulob na zawarcin 'yan wasan da kwantiraginsu ya ƙare. Tun da ciwon nan ya zo, Malam kan zo duk Juma'a bayan masallaci, ya zauna ya yi addu'a, ya sha shayi ya tafi.

Ranar nan na sauka sayo burodi, muka haɗu da shi a lifta, sai murmushi yake shi kaɗai.

"Hajiya, kin ji labari? Kulob ɗinmu ya ɗauko babban mai bugun nan da kowa ke nema. Kuɗin da suka zuba masa, sai da suka sallami masu jifa biyu kafin albashi ya zagaya. Wallahi sun yi daidai! Irin wannan yaron shi ke cika fili."

Na ce, "Kai dai rigarsa za ka sayar, Malam."

Ya yi dariya, sannan ya rage murya, ya sako ɗan Faransancinsu na mutanen Maraɗi. "Bon, amma kar Alhaji ya ji na ce haka. Shi kullum cewa yake a raba kuɗi a tara masu jifa. Ba na son ɓata mishi rai."

Muka shiga muka tarar talabijin na nuna sabon ɗan wasan, an saka masa rigar kulob yana washe baki. Alhaji na kan kujerarsa, ya damƙe bargo da hannunsa mai lafiya. Ya dubi Malam, ya nuna talabijin, ya girgiza kai.

Malam ya yi maza ya ce, "Gaskiyarka, Alhaji. Ɓarnar kuɗi ce kawai. Allah dai ya ba ka lafiya."

Alhaji ya tsaya yana kallonsa. Mutumin da ya yi shekara talatin yana musu da kai, ai ya san ƙaryarka. Sai ya juya fuskarsa wajen taga a hankali, kamar wanda aka zo yi wa ta'aziyyar kansa. Kallon nan ya soke ni a zuciya, tausayi ya kama ni, haushi ya biyo baya. Ban san lokacin da na dangwarar da faranti ba.

"Haba Malam, ka ji tsoron Allah! Yanzu ka fito masallaci. Ba kai ne ka ce min a lifta sun yi daidai ba?"

Malam ya zaro ido. "Hajiya, mi ya kawo wannan magana?"

"Ka ce ko ba ka ce ba?"

Na sa shi a kwana, ga kunya ga fushi, sai ya fashe. "To na ce! Kuma sun yi daidai! Shekara nawa muna tattalin kuɗi muna kallon wasu na ɗaga kofi? Mai kulob ya buɗe aljihu sau ɗaya, sai a ce ya yi ɓarna?"

Sai muka ji bam! Alhaji ne ya daki hannun kujera.

"Ƙarya!"

A karkace kalmar ta fito, amma ta fito. Na daskare a tsaye. Ya ja numfashi, jijiyoyin wuyansa suka tashi, ya dinga tsinto kalmomin ɗaya bayan ɗaya. "Wa... zai... yi... jifa?"

Yawu ya gangaro masa. Na matso da tawul ya ture min hannu. Malam kuwa, Allah ya yi masa albarka, ko lura da yawun bai yi ba, don ya riga ya hau. "Akwai yara masu tasowa a ƙaramin kulob ɗinmu, za a ɗauko su!" Alhaji ya ce, "Yara... banza!" Malam ya ce Alhaji rowa ce ke damunsa tun yana tuƙa tasi, Alhaji ya ce masa, "Ɗan... talla." Shayi ya huce, babu wanda ya waiwaye shi.

Na shige kicin, na kira 'yarsa, na dawo na ɗaga wayar a tsakiyar ɗaki. Ta saurara, sannan ta tambaya da Turanci ko Babanta ne take ji. Na ce shi ne. Na ji tana kuka. Can ta daure, ta haɗa 'yar Hausarta ta yaran da aka haifa a nan, ta ce, "Baba, ni ma ina bayan Malam."

Alhaji ya harari wayar. "Ke... ma?"

A nan ne ni ma na fashe da kuka, ina yi ina dariya.

Bakinsa bai koma daidai ba har ya bar duniya, amma ya koma cewa ga inda ke masa ciwo, ya koma cewa kokona ya cika ruwa. Takardun nan suka bar kan firiji, ya ƙara shekara biyu a ɗakinsa. Da kakar wasa ta zo, mai bugun ya yi abin kirki, masu jifa suka ba da kunya, Alhaji da Malam kowannensu ya ce ai shi ya faɗa.

Abin da na koya shi ne, mun so Alhaji, amma ladabinmu ya kusa binne shi da ransa. Sannu tana da daɗi, sai dai ba ta neman amsa. Tun daga ranar, duk tsohon da aka ba ni, nakan fara binciko abin da yake son musu a kai, in ja kujera kusa da shi, in ce masa ban yarda ba.