Motar da Baba Guduma Ya Ƙi Gyarawa

Mahaifina fanel bita ne, wato mai buga jikin mota ya miƙar da inda ya lotsa. Shekara talatin da huɗu yana wannan aiki, har sunansa ya ɓace, kowa Baba Guduma yake ce masa. Garejin nasa rumfar kwano ce da fili a bayanta, ga ƙofofin motoci a jingine, ga gudumomi goma sha ɗaya rataye a bango, kowacce da ƙusarta. Ba ya duba lotsa da ido. Tafin hannu yake ɗorawa, ya rufe ido, ya gaya maka yadda aka yi hatsarin, ko da kai ka zo da wani labarin daban.

Abin da ya tsana a duniya shi ne fila, wannan ƙullun da ake shafewa a kan lotsa a bi da fenti. Yana cewa ƙarya ce aka yi wa kwalliya.

Bara ciwo ya taɓa masa ɓarin dama. Ƙafa ta dawo, baki ya dawo, hannu ya ƙi. Wata shida ni nake riƙe masa cokali. A nan ne Yayana, wanda ko sifana bai taɓa ɗagawa ba, ya fara zancen a sayar da gareji. Ya ma samo mai saye, wani da zai mayar da wurin wajen wankin mota.

Likita ya ce a samo wa Baba abin da zai riƙa motsa yatsu. Sai ga Yaya da na'urar wasan tseren mota, ya jona ta da talabijin ɗin falo. Na ce a raina, ashe dai da sauran imani. Ban san tarko ya kawo ba.

"Baba, mu yi magana ta gaskiya," in ji shi. "Nan da wata ɗaya mu yi tsere. In ka zo cikin ukun farko, hannu ya warke, na bar zancen gareji. In ba haka ba, ka ba ni makulli."

Na ce, "Yaya, wannan wane irin rashin ta ido ne?"

Baba ya ce, "Bar shi, auta. Na yarda."

Wasan yana da tsere kala-kala. Akwai na zagaye da motoci goma sha biyu, akwai wanda kai kaɗai ne da agogo, akwai wanda ake korar na ƙarshe a kowane zagaye. Akwai kuma wani na banza da wofi da ba a komai sai karo da juna. Da Baba ya ga wannan sai ya yi tsaki, ya ce a kawar masa da shi. Da aka zo wajen zaɓen lahani, Yaya ya bayyana masa: ko mota ba ta jin bugu sam, ko ta lotsa a ido kawai, ko ta lalace da gaske har sitiyari ya karkace. Baba ya ce, "Da gaske. Ni ba na wasa da ƙarfe."

Wajen saita mota ne abin ya ba ni dariya da takaici. Masu wasan nan kwantar da mota suke yi har ta kusa shafar ƙasa, su ƙarfafa shoka, su sa giya mai dogon gudu. Baba kuwa ya ɗaga tasa sama, ya sassauta shoka, ya rage iskar taya, ya ƙara birki, kamar wanda zai ɗauko iyali da buhuna a hanya mai ramuka. Yaya yana kallo, yana danne dariya.

Kullum bayan la'asar Baba yana kan kujerarsa, na'ura a cinya, yana tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai. Yana ba wa motoci hanya. Yana taka birki tun kwanar hanya tana nesa. Na goma sha biyu yake zuwa, amma ko ƙwarzane babu. Abin da ya fi ɓata masa rai shi ne maɓallin gyara: mota ta yi raga-raga, a danna, ta koma sabuwa fil.

"Auta, kin gani? Fila ce wannan. Aikin kwana huɗu, wai da ɗan yatsa."

Ni dai hannun nake kallo. A mako na uku babban yatsansa yana bin sitiyari ba rawa.

Ranar tseren Yaya ya zo da rana tsaka, har da kafa waya a kan tebur tana ɗaukar bidiyo. Shi ya zaɓi hanya, ya zaɓi ta duwatsu mai gargada, ya ƙara da ruwan sama, wai don Baba ya sha wuya. Aka raba allon biyu, zagaye shida.

Ashe ya yi wa kansa. Motocin da aka kwantar suka riƙa dukan ƙasa suna zamewa. Biyu suka haɗu a kwanar farko. Ta Yaya ta daki dutse, gabanta ya yamutse, tana hayaƙi. Motar Baba kuwa tana tafe lumui, tana haɗiye ramuka. Na tara. Na shida. A zagaye na biyar ya zama na huɗu, a na ƙarshe ya wuce wata ja da tayarta ta fashe. Na uku! Ban san sanda na miƙe tsaye ba.

Baba har ya zagayo Yaya, ya wuce shi ta gefe a hankali. Saura kwanar ƙarshe. Baba ya taka birki yadda ya saba, sai Yaya ya taho da ragowar motarsa ya maka masa ta baya. Motar Baba ta juya, ta bugi shinge. Kafin ya miƙe hanya biyu sun wuce. Ya shiga na biyar.

Wallahi ban taɓa jin ƙyamar mutum kamar yadda na ji ta ɗan'uwana a ranar ba.

"Kuskure ne, Baba," in ji Yaya. "Na taka birki, motar ce ta zame. Kuma ai wasa ne, an yarda da karo. Danna nan ta koma sabuwa."

Baba bai danna ba. Ya tashi ya je gaban talabijin, inda motar take juyawa a hankali, ya ɗora tafinsa a kan gilashin.

"Wanda ya taka birki, hancin motarsa ƙasa yake yi, sai ya bugi bamba ta ƙasa," ya ce. "Wannan lotsar a tsakiyar but take. Ba ka taka ba."

Yaya ya sunkuyar da kai. Na ce, "Baba, to ai ba a ci ka ba, a sake."

"An ce ukun farko. Na biyar na zo."

Ya zaro zoben makullai daga aljihu. Da hannun dama, wanda wata shida bai riƙe cokali ba, ya sa farce ya buɗe zoben, ya murzo makullin gareji har ya fita, ya ajiye kusa da wayar da ke ɗauka. Yaya ya ga hannun sarai. Ya ɗauki makullin.

Yanzu wurin ana wankin mota. Gudumomin suna ɗakin Baba, ya buga musu ƙusoshi goma sha ɗaya da kansa. Yaya bai dawo ɗaukar na'urarsa ba. Rannan na kunna, motar tana nan da bayanta a lotse, na tambayi Baba ko in danna gyara.

Ya ce, "Bar ta. Wanda ya lotsa ta ya san inda nake."