Kabarin Baffana a Gandun Fazao

Shekarun baya, zamanin da jam'iyya ɗaya ce a Togo kuma kowa na auna maganarsa, mahaifina ya ce in raka shi gandun dajin Fazao. Na yi mamaki, don duk zamanmu a Zongon Lome tsohon nan ko bakin teku bai taɓa zuwa kallo ba. Ni dai na sayi takalmi mai ƙyalli a kasuwar Adawlato, na cika wa unguwa baki cewa giwa zan je gani.

Sai a mota ya faɗa mini gaskiya. Da samartaka shi da ƙaninsa suna koro shanu a ƙafa daga arewa zuwa Lome. Zazzaɓi ya kama ƙanin a gindin wani dutse ya rasu, shi kaɗai ya binne shi. Yanzu wurin ya zama gandu, wanda aka kama ya saki hanya kuwa sai kurkuku. So yake ya yi masa addu'a kafin ƙafa ta gaza.

Aka haɗa mu da gardi, wato mai gadin daji, riƙe da bindiga, fuskarsa ba fara'a. Muka yi ta hawa, birai suna leƙenmu, ni da takalmina ina ta haki a baya. Can mahaifina ya tsaya, ya nuna wa gardin wata kuka a ƙasan kwari.

"Ɗana, ɗan'uwana na kwance can."

Gardin ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "Papa, doka ya hana." Sai ya juya mana baya. "Amma ni yanzu ɓauna nake nema ta wancan gefe. Ban ga kowa ba."

Muka gangara. Tarin duwatsun da ya ɗora kan kabarin na nan, ciyawa ta rufe shi. Ranar na fara ganin hawayen mahaifina.

Da muka dawo ya kama hannun gardin zai yi godiya, sai mutumin ya nuna bayan dutsen da haɓa.

"Ƙauyenmu can yake kafin a tashe mu. Mamana ma tana kwance can. Ni kuma ba mai juya mini baya in je kabarinta."

Mahaifina bai sake iya hawan dutse ba. Ko sunan mutumin ban tambaya ba, amma har gobe in na ɗaga hannu ina roƙa masa alheri, shi da mahaifiyarsa.