Mai Masauki Ya Tafi Ya Bar Mu Da Baƙi

Ranar Talata, tara ga Maris, da hantsi, matarka ta kira ni ta ce rai ya yi halinsa. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Mai Masauki muke ce maka, kuma aikinka ne ya jawo sunan. Kai ka rubuta manhajar nan ta kyauta da ke raba babbar kwamfuta guda ta ɗauki ƙanana da yawa a cikinta. Babbar ita ce mai masauki, ƙananan baƙi. Ka sake ta ga duniya, kowa ya ɗauka ya gyara, ba ka karɓi ko sisi ba.

Ban manta ma'aikaciyar asibitin nan da baƙon kwamfutarsu ya maƙale ana tsakiyar yi masa ƙaura zuwa wani masaukin ba, bayanan marasa lafiya duk suna ciki. A bakin titi ka tsayar da mota, kwamfuta a cinya, rana na dukanka, ba ka tashi ba sai da ya sauka lafiya. Da ta yi godiya cewa ka yi, “Laifinmu ne, Hajiya, mu za mu ba ki haƙuri.”

Amma Yaya, yau zan faɗi abin da ke raina. Mu biyu kaɗai ke da ikon karɓar gyaran da mutane ke aiko wa manhajar, shekara goma sha ɗaya. Sau uku ina ce maka na gaji, 'ya'yana sun girma ƙeyata kawai suka sani. Kullum sai ka yi dariya ka ce, “Bari mu fitar da wannan sabuwar fitowar tukuna.” Ni kuma kunyarka ta hana ni tafiya.

Jiya matarka ta miƙo mini ɗan makullin kwamfuta da kake sa hannu da shi kan kowace sabuwar fitowar manhajar. Ta ce, “Ya ce kada in matsa maka, ya san ka gaji. Sai dai babu wani.”

Na karɓa. Ina zan kai shi? Ƙorafi ɗari biyu na masu amfani da manhajar ne ke jira, wani har yana faɗa wai mun yi shiru, ni kuwa na kasa rubuta musu cewa ka rasu. Ina kewarka, kuma ina jin haushinka, Allah Ya yafe mini.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata makwancinka, Ya sa aikin nan ya zame maka sadaka mai gudana. Ya ba matarka da 'ya'yanka da mahaifiyarka haƙuri. Ni kuma Ya kawo wanda zan miƙa wa makullin tun ina da rai.