Damanar da Aka Naɗa Maigidana

Haƙar rijiya ce sana'ar maigidana, ita ce kuma ta kai mu cikin jama'ar Malam. Malam ya yi hijira da mutanensa zuwa dajin da ke bayan Dogon Kiriya, ya ce ba zai zauna ƙarƙashin Nasara ba, jihadi zai yi. Da ƙishirwa ta dame su aka aiko Matankari kiran maigida. Mun tafi da niyyar wata guda, muka shekara biyu. Shi ya yi wa Malam caffa, ni na shiga cikin mata masu daka.

A fitarsu ta ƙarshe aka harbi Malam a cinya. Ƙafar ta ruɓe, ya cika bai ambaci magaji ba.

Mutum biyu suka miƙe. Ƙanen Malam, wanda littattafai da tuta ke hannunsa, ya ce marigayi ya raɗa masa a kunne. Shugaban 'yan baka kuwa ya ce tun da shi ke shiga gaba in an fita, shi ya cancanta. Kullum bayan azahar su taru gindin gawo, su watse ba a gama ba. Har sallah ta rabu, sahu biyu, liman biyu. Mu kuwa hatsi ya ƙare, anza muke jiƙawa muna sake mata ruwa har ɗacinta ya fita. Ban damu da wanda zai ci ba. So nake a gama.

Daga bisani dattawa suka zaɓi maigidana. Ba mai tsoronsa, kuma kowane ɓangare na ganin zai juya shi yadda ya so. Ya shigo bukka da rawani a hannu, ƙafafunsa duk laka.

"Sun ce ni ne," in ji shi.

Na tambaye shi ko bai ƙi ba. Ya ce ya ƙi har sau uku, suka ce ƙin ma alama ce.

Shugabancin nasa bai wuce jin ƙara ba: jakin wane ya ci kabar wane, an sace wa wane kibau. Ƙanen Malam ya zo da hantsi, shugaban 'yan baka ya zo da la'asar, kowa na matsa masa a kai wa barikin Nasara na Dogon Dutsi hari, kowa na kushe ɗan'uwansa. Ya saurara, ya ce zai duba. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo.

Ran da ruwan shuka ya sauka, ya tara jama'a da safe. Ina tsaye bayan zana ina ji.

"Kun ce za ku bi umarnina," ya ce. "To, kowa shi tahi gida shi yi shuka."

Ƙanen Malam ya kira shi munafuki. Shugaban 'yan baka ya kwashi waɗanda suka yarda da shi suka nufi wajen Sakkwato, ban sake jin labarinsu ba. Sauran suka ɗaure kaya. Da yawa ko sallama ba su yi mana ba.

Mun koma Matankari mun yi shuka a makare. Hatsi bai nuna ba gardawa, wato dogaran kumandan Nasara, suka zo, wani ya faɗa musu maigidana ne shugaba. Bai musa ba. Suka sa masa igiya, na bi su har bakin gari, wani gardi ya ce in koma. Ni kaɗai na yi girbi a shekarar, da wadda ta biyo, da ta bayanta.

Ya dawo daga aikin tilas na fasa dutsen hanya da ciwon ƙirji, ba ya iya shiga rami. Waɗanda muka zauna daji tare, in mun haɗu a kasuwa sai su kau da kai. Wasu tsoro suke ji, wasu har yau cewa suke ya sayar da jihadi. Ƙanen Malam kuwa ya samu limanci a ƙofar wani hakimi, ya yi ƙiba.

Sau ɗaya na tambayi maigida ko yana nadama. Ya ce bai da ƙarfin wannan tunani. Ban ƙara tayar da zancen ba. Ya koma tufkar igiya a ƙofar gida, in ta taru in ɗauka in kai kasuwa.